Faranti Mai Shuɗin Fure

Safiya ce ta ja mini wannan babin. Ranar da muke kwashe kayan kabad za a yi wa falo fenti, ta ɗago farantin nan mai shuɗayen furanni, wanda bakinsa ya ɗan ɓantare, ta ce shi kaɗai ne ba shi da 'yan'uwa, a haɗa shi da tarkacen da za a bayar. Na daka mata tsawar da ta sa ta kusa sakinsa a ƙasa. Yarinya ta tsaya tana kallona kamar na zautu, kuma da gaskiyarta, don ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya ba ku labarinsa. Abin da kuka sani shi ne guntayen da kuke tsinta a gidajen biki, wai kakarku ta taɓa tura uwarku cin Kirsimeti, wai a kan haka ne Kawu Sani ya daina cin abincin gidan nan. Rabin maganar gaskiya ne. Ga sauran rabin, tun ina da bakin faɗa.

Kun san ni a unguwar Jarwal ta nan Makka aka haife ni, a wani lungu da yanzu otal ya hau kansa, ko alamar ƙofarmu ba za ku gani ba. Bayan rasuwar kakanku muka dawo unguwar Rusaifa, na ci gaba da sana'ata ta tuwo da masa. Duk alhajin da cikinsa ya gaji da shinkafar Larabawa, sai an kwatanta masa gidana. Da wannan tukunyar na rufa wa kaina asiri har Abbanku ya samu tafiya ƙasar Poland karatun likita. Na yi masa addu'ar ya dawo da takarda. Ya dawo da takardar, ya kuma dawo da mace.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar da na fara ganin uwarku gabana ya faɗi. Fara ce sol, doguwa, idanu kamar na mage, ta durƙusa ta ce "ina wuni" da sassafe. Sunanta Hanna, ni kuwa na ce bakina ba zai tsaya a rabin suna ba, na mayar da ita Hannatu, ya kuma bi ta har yau. Ta musulunta tun kafin su yi maganar aure da Abbanku, kuma in kana son ganin ɓacin ranta ka ce don shi ta yi. Na zuba mata ido wata da watanni ina jiran in ga inda za ta gaza. Sallarta ta fi ta wasu da aka haifa a gindin Harami natsuwa. Tuwonta na farko kam, Allah ya yafe mana, gudaji ne zalla, sai da na ce mata in za mu je jifan Shaiɗan a Mina mu tafi da shi. Ta yi dariya har da hawaye, washegari ta sake ɗaukar muciya. A nan na fara sonta, ko da yake ban gaya mata ba.

Abu ɗaya na lura da shi, ba ta taɓa maganar gida. In na tambaye ta mahaifiyarta, sai ta ce tana lafiya, ta miƙe ta nemi wani aiki.

Shekarar da aka haifi Safiya, da sanyi ya shigo, wata rana na ga Hannatu ba ta sa komai a bakinta ba tun safe. Na ɗauka ramuwar azumi take yi. Da la'asar ta shiga kicin ta soya kifi, ta yi wata miya ja wur ta wani abu mai kama da dankali. Abbanku yana bakin aiki a asibiti, mu biyu ne a gida sai jaririya. Da magariba ta gabato ta tsaya a taga tana leƙen sama, a garin da hasken otal-otal ba ya barin mutum ya ga tauraro. Muka yi salla, ta shimfiɗa sufra, ledar cin abinci, ta ajiye faranti uku. Na buɗe baki zan ce likita ai ba zai dawo yanzu ba, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaya Sani ne, wana, wanda tun rasuwar kakanku shi ne babba a kanmu. Ya biyo ta unguwar ne ya ce bari ya leƙo jaririya.

Ban taɓa ganin fuskar uwarku ta yi haske irin na ranar ba. Har tana tuntuɓe wajen gyara masa wuri.

"Tafaddal, bismilla, Kawu, ga farantinka. Ashe kai ne baƙonmu."

Yaya ya zauna yana dariya, ya nannaɗe hannun riga. "Ya aka yi kika san ina tafe, 'yar nan? Ko ni ban san zan zo ba."

"Ban sani ba, Kawu. A gidanmu haka ake yi. A wannan daren ana ajiye faranti ɗaya ba kowa a gabansa, saboda baƙon da ba a zata ba, ko wanda yake nesa."

"Wane dare ke nan?"

Na ga lokacin da ta gane abin da ta faɗa. Amma uwarku ba ta iya ƙarya ba, ko ta ceton kai. Ta ce daren jajiberin Kirsimeti ne.

Yaya ya janye hannunsa daga kan kifin kamar ya taɓa wuta. Bai ko dube ta ba, ni ya duba.

"Rabi, a Makka? A gidan 'yar Malam Isa? Kina zaune?"

Ya sa takalmansa ya fita, jaririyar da ya zo gani ma bai ɗauka ba.

Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni, don ni ma a lokacin ban san me nake kallo ba. Amma ni ba na yanke wa mutum hukunci da ciki, sai na ji daga bakinsa. Na ce ta zauna ta gaya mini gaskiya tsakaninta da Allah, ko zuciyarta ta koma inda ta fito.

"Wallahi, Umma, ban koma ba. Ba biki nake yi ba. Na san dai yanzu haka tana zaune ita kaɗai tana kallon farantin. Na so ne mu zauna tare, ko daga nesa."

A ranar na san sunan mahaifiyarta, Teresa. Na san Hannatu ita kaɗai ta haifa, kuma mijinta ya rasu tuntuni. Kifin ya huce a gabanmu tana ba ni labari, rabi da Larabci rabi da Hausarta ta lokacin. Ta ce a ƙasarsu, musamman wajen tsofaffi irin mahaifiyarta, zama ɗan ƙasa da zama ɗan Katolika abu ɗaya ne, ba a raba su. An yi zamanin da maƙwabta suka yayyaga ƙasar suka raba a tsakaninsu, aka hana yara karatu da harshensu, to a coci ne harshen ya ɓuya, a cikin addu'o'i da waƙoƙin tsofaffi. Aka kuma yi zamanin gwamnatin da ba ta son a ambaci Allah, lokacin Teresa tana aiki a masaƙa, ta rasa ƙarin girma saboda ta ƙi daina zuwa coci ran Lahadi. A falonsu akwai hoton Nana Maryam, wai fuskarta baƙa, a gabansa Teresa take durƙusawa safe da yamma. Na ce baƙa kamar ni? Ta ce har ta ɗan fi ni. Duk da halin da muke ciki sai da muka murmusa.

Ta ce da bikinsu na Ista ana kai kwandon abinci coci a sa masa albarka. Bayan Kirsimeti fada, limamin cocinsu, yana bin gida gida, a rubuta alama da alli a saman ƙofa. A farkon sanyi kuwa akwai ranar da kowa yake tafiya maƙabarta ya kunna kyandir a kan kabarin nasa, har maƙabartar ta haskaka kamar gari. Kabarin da aka gani babu kyandir, kowa ya san mai shi ba shi da kowa. Shi ya sa ranar da Hannatu ta gaya mata ta musulunta, Teresa ba ta yi mata gardamar addini ba. Cewa ta yi, kin bar mu. Kin bar ubanki a kabari, kin bar ƙasar da aka sha wuya a kanta. Wa zai kunna mini kyandir? Tun daga ranar, in Hannatu ta buga waya, sai ta ɗauka ta saurari muryarta, ta ajiye ba ta ce uffan ba. Wata maƙwabciyarsu ce take gaya wa Hannatu cewa duk shekara tsohuwar tana fito da farantin da 'yarta take ci a ciki tun tana ƙarama, shi take ajiyewa a wurin baƙo.

Tana kaiwa nan na ji labarin ba baƙo ba ne a kunnena. Mahaifina, Malam Isa, daga wani ƙauye na ƙasar Kano ya taso yana saurayi, ya ce wa innarsa zai sauke farali ya dawo. Hanya ta ci shekaru, ya iso, ya zauna, ya yi aure, ya haife mu. Kullum yana cewa baɗi zai je. Wata shekara wani alhaji ɗan ƙauyensu ya nemo shi a Jarwal, ina yarinya ina zuba musu shayi, ya ce masa Inna ta rasu. Ya ce har daren da za ta cika, tana kwasar tuwonsa a akushi ta rufe da faifai ta ajiye, sai da safe ta ba yara. Ban taɓa ganin namiji ya yi kuka irin na ranar ba. Mahaifina ya rayu shekaru bayan haka a gari mafi daraja a duniya, yana salla a Harami, amma wannan akushin bai bar shi ya yi barci mai daɗi ba har ya koma ga Allah. Yaya Sani yana wurin ranar. Ya girme ni, ya fi ni tunawa.

Na ce wa Hannatu ta kwashe faranti na ukun, a gidana ba za a sake ajiye shi a wannan daren ba. Ta ce to. Na ce amma zancen bai ƙare ba.

Na kwana ina juya abin, na tashi ina juya shi, har aka yi aikin Hajji aka watse. Na tambayi wata malama da nake zama a darasinta, ta ce uwa uwa ce ko ba ta salla, ziyararta da kyautata mata wajibi ne, abin da aka hana shi ne a bi ta zuwa ga bautarta. Wannan na sani tun ina yarinya, so nake kawai in ji daga bakin mai ilimi. Matsalar ita ce Hannatu da kanta tsoron tafiya take yi. Ta ce ta san halin mahaifiyarta, za ta iya buɗe ƙofa ta gan ta da lulluɓi ta mayar ta rufe, kuma in haka ta faru ba ta san yadda za ta ɗauka ba. Ina tuƙa tuwo wata rana sai abin ya faɗo mini. Na kira ta.

"Kin ce farantin nan na baƙo ne?"

"E, Umma."

"To in baƙon ya ƙwanƙwasa, ana korarsa?"

"Abadan. A daren nan ba a korar kowa, ko maƙiyinka ne. Kunya ce babba, kuma zunubi ne a wurinsu."

"Halas. A daren za ki je. Tunda ta riƙe addininta da gaske, shi zai buɗe miki ƙofar."

Ta tsaya tana kallona, sai ta zauna a ƙasan kicin ta rufe fuska.

Abbanku ne ya fi ba ni wuya. Ba ya musu da ni, ba haka na rene shi ba, amma na ga tsoro a idonsa. Jaririya tana shan nono, ba yadda za a yi uwa ta tafi ta bar ta, kuma ba ta fita ƙasar sai da izininsa. Ya ce to zai raka su. Na ce a'a, kai ne wanda tsohuwar take ganin ya sace mata 'ya, in ta gan ka a bakin ƙofa ka ɓata komai. Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki, daga baya ya amince.

Kafin ka ce me, magana ta kai kunnen Yaya Sani. Ya zo, ya ƙi zama, daga bakin ƙofar falo ya yi maganarsa.

"Rabi, kin san abin da kike yi kuwa? Za ki ɗauki jinin Malam Isa ki miƙa wa mutanen coci da hannunki. Su yi mata wankansu, su rataya mata gicciye. Ita kuma uwar ta ga gida, ta ga dangi, ta ga sanyin ƙasarsu. Me za ta dawo yi a Rusaifa? Tuwonki?"

Na ce, "Yaya, ka tuna akushin Inna."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Inna musulma ce."

"Ita ma wannan haihuwa ta yi, Yaya. Naƙuda ba ta tambaye ta addininta ba."

"To ki ji da kyau. In suka tafi, ni da abincin gidan nan har abada."

Na so in ce masa wani abu mai zafi, don bakina ba ya rasa abin faɗa, kun sani. Amma wana ne, shi ya goya ni zuwa makarantar allo a Jarwal, shi ya tsaya a kan gawar kakanku. Na ce Allah ya huci zuciyarka, Yaya. Kada ku ɗauka mugu ne. Tsoron da yake ji ni ma ina jinsa, bambancin kawai ni na zauna da yarinyar nan a kicin ɗaya, shi bai zauna ba.

Muka raka su filin jirgin Jidda. Safiya, kina ɗaure a ƙirjin uwarki cikin wata rigar sanyi da ta sa kika zama kamar kabewa. Da za su shige na riƙe hannun Hannatu, ban ce ki dawo ba, don in na faɗa na nuna ina shakka. Na ce ki gaishe ta, ki ce mata wata tsohuwa a Makka tana gaisuwa.

Washegarin daren nasu ta bugo waya. Muryarta a dashe. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Umma, ta buɗe." Na yi sujada a nan tsakar falo.

Sai kuma ranar dawowa ta zo ta wuce. Hannatu ta kira ta ce za ta ƙara kwanaki, tsohuwar ta zame a kan ƙanƙara ta bugu a ƙugu, ba mai kula da ita. Kwanakin suka cika, ta sake cewa a ƙara mata. To a nan ne Rusaifa ta samu abin taunawa. Matan da suka shekara suna aiko yara sayen masata suka ɗauke ƙafa. A gidan suna, ina shiga a yi tsit. Wata da muka taso tare ta dafa kafaɗata ta ce, "Ma'alesh, sai haƙuri, Rabi, Allah zai ba ku wata jikar," kamar mutuwa aka yi. Na ce mata tawa tana nan da ranta, ta adana ta'aziyyarta. Na faɗa da ƙarfi, amma ni kaina ba ni da tabbas.

Abbanku ya rame. Wata rana ya dawo daga aiki ya tsaya a kaina ina wanke-wanke.

"Ya Ummi, in ba ta dawo ba fa?"

Na ci gaba da cuɗa tukunya har ya gaji ya wuce ɗaki. Na ji tsoro a kwanakin nan irin wanda ban taɓa ji ba. Nakan je Harami in yi ɗawafi ina roƙon Allah ya dawo mini da su, sai kuma in tuna abin da nake roƙo shi ne a sake raba wata tsohuwa da 'yarta. Sai in rasa yadda zan ƙarasa addu'ar, in ce ya Allah ka san mu duka biyun, ka yi mana abin da ya fi.

Ban san lokacin da na fara ba. Wata magariba Abbanku ya nuna wani kwano a gefen sufra ya ce na waye. Na duba, ashe malmalar Hannatu ce na kwasa na rufe. Hannuna ya saba kwasar na mutum uku. Na ce a bar shi a nan. Haka na riƙa yi kullum, da safe in ɗumama in ci. Ni da na hana a ajiye faranti a gidana.

Sun dawo ana gab da azumi. Da na hango ta a filin jirgi, da lulluɓinta, da ke a kafaɗa kin yi ƙiba kumatu jajur, sai na nemi kujera na zauna. Abbanku kuwa, likita guda, ya tsaya yana share ido da gefen gutura, mayafin kansa, a gaban jama'a.

A gida ta ba ni labari. Ta ce ta isa ƙofar daidai fitowar tauraron farko, lokacin da suke zama cin abincin. Ta ƙwanƙwasa. Teresa ta buɗe, ta dube ta daga lulluɓi har ƙasa, ta daɗe a tsaye hannunta a kan ƙofar, har Hannatu ta fara jin sanyi ya ratsa jaririya. Sannan ta matsa gefe ta ce, baƙo ya shigo. Ba ta kira sunanta ba. Ta zaunar da ita a gaban farantin, ta zuba mata miya kamar yadda za ta zuba wa kowane matafiyi. Suna da wani ɗan burodi fari siriri da suke gutsura wa juna kafin a fara ci, kowa ya nemi gafarar ɗan'uwansa, irin yadda muke yafe wa juna ranar Salla. Tsohuwar ta ɗauko shi, ta kasa miƙawa. Sai ke, Safiya, kika kama yatsanta kika kai baki. A nan ta fashe da kuka, ta kira 'yarta da sunan da take kiranta tana yarinya.

Ba komai ne ya tafi sumul ba, kada ku ɗauka tatsuniya nake muku. Da dare ya yi Teresa ta ce su tafi coci, Hannatu ta ce ba za ta ba, tsohuwar ta tafi ita kaɗai tana fushi. Ta kuma roƙa, ba sau ɗaya ba, a bar ta ta kai ki wajen fada a yi miki wankan nasu, ta ce ba za ta iya barci ba tana tunanin makomar jikarta. Kun ga Yaya Sani bai yi ƙarya ba. Uwarku ta ce a'a, suka yi kwana biyu ba sa magana. Amma a rana ta uku Hannatu ta shiga tsohon ɗakinta za ta yi salla, ta tarar an cire gicciyen da yake rataye a bangon tun tana yarinya, sai farin shacinsa a jikin fenti. Tsohuwar da kanta ta hau kujera ta sauke shi ta kai ɗakinta. Ta leƙo ta ce, ta wane gefen garin naku yake? Hannatu ta nuna mata. Ta ja teburin da ya tare wurin. Da fada ya zo zagayen gidaje kuwa, Hannatu ta so ta shige ɗaki, Teresa ta riƙo hannunta ta ce masa, wannan 'yata ce, daga Makka ta zo. Kafin tsohuwar ta faɗi, sun je kabarin mahaifin Hannatu tare. Uwar ta kunna kyandir, 'yar ta share ƙanƙarar da ta rufe sunan.

Da ta gama ba ni labari, ta buɗe akwati ta fito da wani abu a naɗe cikin tawul. Farantin ne.

"Ta ce in kawo miki, Umma. Na gaya mata ke kika turo ni, ke kika zaɓi daren. Ta ce wannan matar ta san abin da take yi. Ta tambaya ko za ta iya zuwa ta gode miki, na ce garinmu ba a barin wanda ba musulmi ba ya shiga."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce to farantin ai ba za a hana shi ba. Ta ce ta gaji da ganinsa ba kowa a gabansa. Inda 'yarta take cin abinci, nan ya kamata ya zauna."

Na karɓe shi da hannu biyu. Ni na san abin da matar nan ta ba ni, don na san abin da Inna ta kasa bayarwa har ta mutu. A daren na kwashe tuwon da na rufe na juye a ciki na tura gaban Hannatu.

Yaya Sani ya cika maganarsa. Ya ci gaba da gaisawa da ni, ya zo sunan ƙannenki duka, har yakan ɗauke ki ya sa miki albarka, amma ko ruwan gidan nan bai sake sha ba har ya rasu. Ran Salla nakan aika masa da masa, ta dawo yadda ta tafi. Wannan ya yi mini ciwo, yana kuma yi mini har gobe, don shi kaɗai ya rage mini wanda muka sha nono ɗaya. Na yafe masa, ina fata ya yafe mini. Amma da za a mayar da ni wannan shekarar, abin da na yi shi zan sake yi.

Ni da Teresa ba mu taɓa haɗuwa ba. Uwarku ta ci gaba da zuwa, ba a daren ba kuma, da rani take tafiya, don ƙofar ta riga ta buɗu. Sau ɗaya aka haɗa mu a waya. Ta yi ta magana da yarensu, na yi ta amsawa da Hausa, Hannatu ta so ta fassara muka ce ta bar mu. Da Teresa ta rasu, maƙwabciyar nan ta ɗauki alkawarin kyandir ɗin. Uwarku ta dawo daga jana'iza ta kwana biyu ba ta ci komai ba. Na sauko da farantin, na zuba mata tuwo, na zauna a gabanta na ce ba zan tashi ba sai ta cinye. Ta ci tana kuka, ni ma ina yi.

Ɓantarewar bakin nan kuwa ke kika yi, Safiya, kina rarrafe kika ja sufra. Ki wanke shi ki mayar inda kika ɗauko. Na ji ana maganar za ki tafi karatu wata ƙasa. Ki tafi, ban hana ba. Amma duk yammar da kika ji ƙiwar buga wa uwarki waya, ki sani akwai faranti a gidan nan, kuma ta san yadda ake ajiye shi.